Kanel Da Faifan Ajiya: Yadda Ake Saita Linux Ta Gane Ma'adanar Kwamfuta

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 da ta gaje ta kuma ba kowace kwamfuta take karɓa ba: tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa a Titin Beirut a Kano, waɗanda ke ƙarewa a ofisoshin ƙananan hukumomi da makarantu da shagunan buga takardu na garuruwa irin su Gaya da Ajingi da Toranke, ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Lafiyarsu lau, suna aiki, amma manhajar da ke kansu ta tsufa.

Wannan ne ya sa ake ƙara waiwayar Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, wadda ke tafiya a kan tsofaffin na'urori ba tare da neman waɗancan sharuɗɗa ba. Mafi yawan masu amfani da ita ba sa taɓa cikinta. Sukan ɗora Ubuntu ko Debian ko Linux Mint kamar yadda aka shirya su, su ci gaba da aiki. Amma akwai masu gina zuciyar manhajar da kansu: ɗaliban kimiyyar kwamfuta, irin na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da masu ƙera ƙananan na'urori, da masu gyara da ke son tsohuwar kwamfuta ta rage nauyi. A wajen waɗannan, babu kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi tayar da hankali, kamar a gama ginin a kunna kwamfuta ta kasa ganin faifan da ke cikinta. Ga mai shago a Toranke da takardun abokan hulɗarsa ke kan wannan faifai, kuma ƙwararren mai gyara sai an je Wudil ko Kano, asarar ta wuce ta lokaci.

Mene ne kanel

Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke tsaye tsakanin ƙarafan kwamfuta da manhajojin da mutum ke gani. Shi ke raba lokacin furosesa, shi ke raba ƙwaƙwalwar aiki, kuma ta hannunsa kaɗai manhajar rubutu ko ta lissafi ke isa ga faifai. Kowace na'ura tana da ɗan shirin da ke koya wa kanel yadda zai yi magana da ita, wanda masu gyara ke kira direba. In babu direban, a wajen kanel na'urar ba ta nan, ko da kuwa tana ɗaure da waya tana juyawa.

Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, shi ya sanar da aikin a ranar 25 ga Agustan 1991. Abin mamaki, maganar faifai tana cikin wannan sanarwa ta farko: ya ce mai yiwuwa manhajar ba za ta taɓa sanin wani faifai ba sai irin na AT, domin shi kaɗai yake da shi. Yau rubutun kanel ɗin ya haura layi miliyan 30, kuma direbobi ne suka fi yawa a ciki. Shi ne a ƙarƙashin Android, wato yana cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke aljihun 'yan kasuwa, da na'urorin POS da yawa. Tun watan Nuwamban 2017 kuma dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki.

Saboda wannan faɗi, ba a gina kanel da duk abin da ke cikinsa. Zaɓa ake yi. Zaɓuɓɓukan sun haura dubu goma, ana ajiye su a wani fayil mai suna .config, kuma hanyar da aka fi sani ta duba su ita ce umarnin make menuconfig, wanda ke buɗe jeri a kan allo. Yawancin direbobi suna da amsa uku. Harafin y yana nufin a gina direban a jikin kanel ɗin kansa, ya tashi tare da shi. Harafin m yana nufin a gina shi a matsayin modul, wato fayil dabam da ake ajiyewa a kan faifai a ɗauko shi lokacin buƙata. Harafin n yana nufin a bar shi. A kan allon menuconfig, tauraro ke nuna na farko, M na biyu, gurbi kuma na uku. Bambancin y da m ba shi da muhimmanci sosai a direban sauti ko na kamara. A direban faifai kuwa, shi ne komai, kamar yadda za a gani a gaba.

Hawa huɗu kafin a kai ga fayil

Kafin kanel ya buɗe fayil ɗaya, sai ya hau matakai huɗu a jere. Da farko ya gane kwanturola, wato guntun da ke kan babban allon kwamfuta wanda faifai ke jone da shi. Sannan ya gabatar da faifan a matsayin na'urar da ake karantawa tubali-tubali, ya ba shi suna irin sda. Sannan ya karanta teburin da ke nuna yadda aka yanka faifan zuwa yankuna. Daga ƙarshe ya fahimci tsarin fayil da aka shimfiɗa a yankin da babbar manhaja ke zaune, wanda ake kira yankin tushe. Kowane mataki da zaɓinsa a .config, kuma rashin ɗaya ya isa ya tsayar da tafiyar.

Matakin farko ya fi rikitarwa, domin hanyoyin jona faifai sun sauya sau da dama. A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq suka fito da IDE, mai faffaɗar waya mai ƙafa 40, wadda tsofaffin masu gyara ke tunawa. SATA ta maye gurbinta daga 2003, da siririyar waya, kuma gudunta ya tashi daga gigabit 1.5 a daƙiƙa zuwa 3, sannan 6 a 2009. A 2004 kamfanin Intel ya fitar da ƙa'idar AHCI, wadda ta sa kwanturololin SATA na kamfanoni daban-daban suke jin yare ɗaya. Albarkacin wannan, zaɓi biyu kacal, CONFIG_ATA da CONFIG_SATA_AHCI, sun wadatar da kusan duk kwamfutar HP ko Dell ko Lenovo mai faifan SATA da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce. Tsofaffi ƙwarai, ko waɗanda aka saita BIOS ɗinsu a yanayin IDE, sukan nemi wani direba, kamar CONFIG_ATA_PIIX ga allunan Intel.

A nan ne tarkon da ya fi kama sababbin magina yake. SCSI wata ƙa'ida ce da aka tabbatar a 1986, wadda aka fi sani a manyan kwamfutocin kamfanoni. Mai gina kanel don ƙaramar kwamfutarsa yakan ga sashen SCSI a jeri, ya ce ba shi da irin wannan faifai, ya kashe. Sai dai a cikin Linux, faifan SATA ta ƙofar SCSI yake shigowa: sashen da ake kira libata yana fassara umarnin SCSI zuwa na ATA. Zaɓen CONFIG_ATA yana jawo ginshiƙin SCSI da kansa, amma ba ya jawo CONFIG_BLK_DEV_SD, wanda shi ne ke samar da sda da sdb. In babu shi, kanel zai ga kwanturola, har ya rubuta sunan faifan da girmansa a kan allo, amma babu ƙofar da za a shiga ta kai gare shi. Haka na'urar karanta CD da DVD take buƙatar CONFIG_BLK_DEV_SR.

Wannan haɗewa tana da tarihi. A da, faifan IDE da direbansa na musamman yake aiki, sunansa hda. Daga kanel 2.6.19 na ƙarshen 2006 aka fara mayar da su ƙarƙashin libata, sunan ya koma sda, kuma kwamfutoci da dama da aka rubuta wa tsohon suna a saitinsu suka ƙi tashi bayan sabuntawa. An cire tsohon direban IDE gaba ɗaya a kanel 5.14 a 2021. Duk wani tsohon bayani da ke cewa a kunna CONFIG_IDE, zamaninsa ya wuce.

NVMe da rikicin ramin M.2

AHCI an tsara ta ne don faifai mai juyawa: layin jira ɗaya, umarni 32. Da faifan SSD marar juyi ya zo, wannan layi ya zama ƙunci. A ranar 1 ga Maris 2011 aka fitar da ƙa'idar NVMe, wadda ke jona faifai kai tsaye da hanyar PCI Express, da layukan jira da za su iya kai kusan dubu 65. Direbanta ya shiga Linux a kanel 3.3 a 2012. SSD na SATA bai cika wuce megabait 550 a daƙiƙa ba, na NVMe kuwa a kan PCIe na uku yakan kai kusan 3,500.

Ga mai gina kanel, abin lura shi ne NVMe ba ta bi ta ƙofar SCSI ko ta libata. Zaɓinta dabam ne, CONFIG_BLK_DEV_NVME, kuma sunan faifan nvme0n1, yankinsa na biyu nvme0n1p2. Wanda ya kwafi .config daga kwamfutar SATA ya kai wa mai NVMe ba tare da dubawa ba, ya shirya wa kansa tsayawa.

'Yan kasuwa ma suna da rabo a wannan bayani. M.2 sunan siffar rami ne da siririn faifan da ke shiga cikinsa, ba sunan ƙa'ida ba. Akwai faifan M.2 mai magana da SATA, akwai mai magana da NVMe, kuma a ido suna kama. Wasu kwamfutoci ɗaya kawai suke karɓa. Rigingimu da yawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan cewa faifai matacce ne, asalinsu wannan ne, ba mugunta ba.

Akwai ƙarin wani shinge a sababbin kwamfutocin Intel, musamman daga zubi na goma sha ɗaya. Kamfanoni sukan kunna wata fasaha mai suna VMD, wadda ke ɓoye faifan NVMe a bayanta. In kanel ba shi da CONFIG_VMD, direban NVMe yana nan amma ba zai ga komai ba. Ana iya kunna zaɓin, ko a kashe fasahar a BIOS. Sai dai hanya ta biyu tana da haɗari in akwai Windows a kan faifan: sauya yanayin kwanturola bayan an ɗora ta yakan jefa ta cikin shuɗin allo mai cewa ba ta isa ga na'urar tashi ba. Ciwon ɗaya ne da na Linux, suna ne ya bambanta.

Filas, katin memori da ƙananan kwamfutoci

Filas da faifan waje suna buƙatar sarƙa mai tsawo: direban kwanturolan USB, wato CONFIG_USB_XHCI_HCD ga USB 3.0 na 2008 zuwa sama, ko CONFIG_USB_EHCI_HCD ga USB 2.0, sannan CONFIG_USB_STORAGE, sannan dai wancan CONFIG_BLK_DEV_SD, domin su ma ta ƙofar SCSI suke shiga. CONFIG_USB_UAS yana ƙara wa faifan waje gudu, ko da yake wasu akwatunan faifai masu araha ba sa jituwa da shi.

Ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu gigabait 32 ko 64, irin waɗanda ake saya wa ɗalibai don atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, yawanci ba su da faifai mai cirewa. Abin da ke ciki guntun eMMC ne da aka liƙe a kan allo, ɗan'uwan katin memori. Yana buƙatar CONFIG_MMC da CONFIG_MMC_BLOCK da direban kwanturola na dangin SDHCI, ko dai na PCI ko na ACPI, kuma sunansa mmcblk0. Wayoyi masu araha ma eMMC suke amfani da shi, masu tsada kuma UFS. Masu filashin waya a kasuwar Farm Centre sun san sakamakon ɗora wa waya manhajar da ba ta dace da guntun ajiyarta ba, ko da sunan wayar ɗaya ne: ta mutu a hannu. Dalilin dangin wannan ne.

Na'urorin USB da na eMMC suna da wata ɗabi'a: ba sa bayyana nan take, sukan ɗauki ɗan lokaci. In yankin tushe a kansu yake, kanel yakan neme shi tun bai iso ba, ya yanke hukuncin babu. Maganin kalma ɗaya ce, rootwait, a layin umarnin tashi, wadda ke sa ya jira.

Yankuna da tsarin fayil

Teburin yankuna iri biyu ne a kwamfutocin yau. Tsohon shi ne MBR, mai manyan yankuna huɗu kawai, wanda ba ya wuce terabait biyu a faifai na yau da kullum, zaɓinsa CONFIG_MSDOS_PARTITION. Sabon shi ne GPT, abokin tafiyar UEFI, mai gurbin yankuna 128 a bisa al'ada, zaɓinsa CONFIG_EFI_PARTITION. Dukansu a kunne suke zuwa, kuma babu hikima a kashe ko ɗaya.

Tsarin fayil ya fi cancantar tunani, musamman a yankin da wutar KEDCO ke ɗaukewa ba sallama, kuma batirin kwamfutar gwanjo ya daɗe da gajiya. Tsarin ext4, wanda aka tabbatar a kanel 2.6.28 a Disamban 2008, yana da kundin niyya: kafin ya sauya tsarin ajiya yakan rubuta abin da zai yi a gefe, ta yadda in wuta ta yanke a tsakiya, da an kunna zai duba kundin ya daidaita. Wannan kariya ta tsarin faifai ce, ba ta takardar da ake tsakar rubutawa ba. Wadda ba a adana ba ta tafi. Duk da haka ta raba mutum da yini guda na gyaran faifai. Zaɓinsa CONFIG_EXT4_FS. XFS da Btrfs ma suna da nasu hanyoyin kariya, kuma abin da aka shimfiɗa a yankin tushe shi ne dole a zaɓa, ba wanda mutum ya fi so ba.

FAT32 da exFAT, waɗanda ke kan filas da katin memori, ba su da wannan kundi, shi ya sa zare filas ana tsakar rubutu yake ɓata fayiloli. FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait huɗu. Microsoft ya fito da exFAT a 2006, ya buɗe ƙa'idojinsa a watan Agustan 2019, kuma direban da kamfanin Samsung ya rubuta ya shiga kanel 5.7 a 2020. Direban NTFS3 na kamfanin Paragon, mai karantawa da rubutawa a faifan Windows, ya shiga kanel 5.15 a 2021. Shagon da jama'a ke kawo wa filas daga ko'ina yana buƙatar dukkan ukun, kuma matsayin modul ya ishe su.

Akwai wani ƙaramin abu da ya shafi masu rubuta Hausa kai tsaye. CONFIG_VFAT_FS ba ya aiki shi kaɗai; yana neman teburan haruffa, yawanci CONFIG_NLS_CODEPAGE_437 da CONFIG_NLS_ISO8859_1, in babu su ya ƙi buɗe filas. Teburin na biyu na harsunan Yammacin Turai ne, babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Fayil da aka raɗa wa suna da haruffa masu ƙugiya zai iya fitowa da alamar tambaya a gurbinsu. Kunna CONFIG_FAT_DEFAULT_UTF8 yana warware wannan. Ƙaramin yankin da UEFI ke tashi daga gare shi ma FAT ne, don haka kanel da ya kasa buɗe FAT zai tashi, amma ba za a iya ɗora masa magaji a wannan yanki ba.

Makulli a cikin ɗakin da aka kulle

Modul fayil ne, kuma a kan yankin tushe yake zaune, a ƙarƙashin /lib/modules. To, in direban kwanturola ko na ext4 modul ne, kanel yana buƙatar direban don ya buɗe faifai, direban kuma yana kan faifan. Makulli ne a cikin ɗakin da aka kulle.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jerin zaɓi na GRUB yana fitowa lafiya, kanel ma yana fara rubuce-rubucensa, sai su ce ai an ga faifan. GRUB da taimakon BIOS ko UEFI yake karanta faifai, da nasa direbobin tsarin fayil. Da ya ɗora kanel a ƙwaƙwalwar aiki ya miƙa masa ragama, wannan taimako ya ƙare, sai abin da kanel ya zo da shi a jikinsa.

Mafita biyu ce. Ta farko a sa y ga duk abin da ke kan hanyar zuwa yankin tushe: kwanturola, ƙofar faifai, teburin yankuna da tsarin fayil. Ga kwamfuta ɗaya da aka san cikinta, wannan ya fi sauƙi kuma ya fi aminci. Ta biyu ita ce initramfs, wata ƙaramar jaka ta direbobi da shirye-shirye da GRUB ke ɗorawa tare da kanel. Daga cikinta ake ɗauko direban da ya dace, a buɗe faifai, sannan a koma kansa. Da ita Ubuntu da Debian da Fedora suke iya sakin kanel ɗaya da ke tashi a dubban nau'in kwamfutoci. Tana buƙatar CONFIG_BLK_DEV_INITRD, kuma dole a sake haɗa ta ga kowane sabon kanel, da update-initramfs a Debian da Ubuntu, ko dracut a Fedora, ko mkinitcpio a Arch.

Wani lokaci initramfs ba zaɓi ba ce. In an kulle faifai da LUKS, wani shiri ne zai tambayi kalmar sirri kafin a buɗe yankin tushe, kuma shirin a jakar yake; kanel kuma yana buƙatar CONFIG_BLK_DEV_DM da CONFIG_DM_CRYPT. Wannan ya shafi ma'aikatan da ke yawo da bayanan albashi ko na marasa lafiya a kwamfuta, ganin cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan mai riƙe da su. Haka abin yake ga LVM da RAID na zamani da manhaja ke haɗawa.

Sunan yankin tushe ma yana da ƙa'ida. Sunaye irin sda ba su da tabbas: a jona filas, ko a ƙara faifai, wanda yake sda jiya ya wayi gari sdb. Shi ya sa ake amfani da lambar shaida. Amma lambobin iri biyu ne: UUID ta tsarin fayil ce, shirye-shiryen initramfs ke fassara ta, PARTUUID ta teburin yankuna ce, kuma ita ce kanel ke ganewa shi kaɗai. Wanda ya jefar da initramfs ya bar UUID a saitin GRUB, kwamfutarsa ba za ta tashi ba ko da direbobinsa sun cika.

Karanta saƙon tsayawa

In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kanel yakan tsaya da wani layi da ya shahara: Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block, sai lambobi biyu a ƙarshe. Ma'anarsa ya kasa buɗe yankin tushe. Bai goge komai ba, fayiloli suna nan yadda suke, kuma babban kuskure shi ne a yi gaggawar wanke faifan a sake ɗora manhaja.

Lambobin biyu su ne shaidar. In sifili da sifili ne, kanel bai sami na'urar ba sam: a duba direban kwanturola, ko CONFIG_BLK_DEV_SD, ko sunan da aka ba shi, ko initramfs da aka manta. In ta farko 8 ce, faifan dangin sda ne kuma an gan shi. 179 ta eMMC ce da katin memori. 259 yawanci ta NVMe. A irin wannan hali matsalar ta matsa gaba, zuwa tsarin fayil da ba a gina ba ko yankin da ba shi ne ba. Kanel yakan kuma jera yankunan da ya gani kafin ya tsaya. In jerin babu komai, an san inda za a fara.

Yadda ake kauce wa hakan tun farko

Hanya mafi aminci ita ce a tambayi kanel da ke aiki. Kafin a taɓa komai, umarnin lspci -k yana nuna kowane kwanturola da direban da ke riƙe da shi. Lsblk -f yana nuna faifai da yankuna da tsarin fayil. Findmnt / yana faɗin inda tushe yake. Sunan direban da aka gani, kamar ahci ko nvme, ana nemansa a menuconfig ta danna alamar /, wadda ke nuna inda zaɓin yake da sauran zaɓuɓɓukan da ya dogara da su. Wani zaɓin ba ya ma bayyana a jeri sai an kunna wanda ke sama da shi.

Ba a fara .config daga fanko. Ana kwafo na rarrabawar da ke aiki daga /boot, a bi shi da make olddefconfig don ya cike sababbin tambayoyi. Gina wannan cikakken saiti a tsohuwar kwamfuta yakan ci sa'o'i, abin da ke da nauyi ga mai aiki da janareta ko batirin sola. Umarnin make localmodconfig yana rage shi ƙwarai, domin yana barin direbobin da aka loda a wannan lokaci kawai. Aibinsa yana cikin amfaninsa: in ba a jona filas ko katin memori ba lokacin da aka ba da umarnin, direbobinsu da na FAT da exFAT za su iya faɗuwa, sai bayan mako guda abokin ciniki ya miƙo filas a ga babu motsi. Don haka ake jona duk na'urar da ake amfani da ita, a buɗe ta, kafin a ba da umarnin. CONFIG_DEVTMPFS ma kada a taɓa shi, domin shi ke samar da sunayen na'urori a /dev.

Sabon kanel ba ya hawa kan tsoho. Ana ba shi suna na dabam ta CONFIG_LOCALVERSION, a bar na rarrabawa a jerin GRUB, ta yadda in sabon ya tsaya za a kashe kwamfuta a kunna a zaɓi tsohon. Ana kuma ajiye filas mai ɗauke da Linux da ke tashi da kanta, a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai kafin a fara. Mai son koyo ba tare da kasada ba yana iya gwada kanel ɗinsa a kwamfutar kwaikwayo ta QEMU, da sanin cewa kwanturolan da ke cikinta na kwaikwayo ne, sau da yawa virtio mai zaɓin CONFIG_VIRTIO_BLK. Tashinsa a can yana tabbatar da tsarin fayil da initramfs, amma direban kwanturola na ainihi sai a kan ita kwamfutar ake gwada shi.